Mayar da tsohon Gold Wing zuwa kafireta ɗaya ta ƙirar gida: a ina wahalar aikin take?

Mai Tsohon Babur:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawararku a kan wani aiki da nake son shiga, kuma na fi so in ji ta bakin waɗanda suka taɓa sa hannu a cikinsa kafin in kwance ko da noti ɗaya. Babur ɗin Honda Gold Wing ne, samfurin GL1000 na 1977, mai silinda huɗu a kwance, biyu a dama biyu a hagu, kuma kafiretocinsa na asali guda huɗu ne na Keihin masu faɗin milimita 32. Ya daɗe a ajiye kafin ya zo hannuna, fetur ya bushe a cikinsu ya zama danƙo, wanda ya riƙe shi a baya kuma ya taɓa kwance su ya cinye kan wasu sukurori, har gindin da ke riƙe fulot ɗin ɗaya ya karye aka liƙe shi da gam. Yanzu yana tashi, amma ba ya riƙe silo, silinda ɗaya yana misin har sai inji ya yi zafi, kafireta ɗaya kuma tana obafulo jefi-jefi.

Niyyata ita ce in cire duka huɗun, in ƙera manifol da hannuna, wato bututun da zai raba haɗin fetur da iska ga silinda huɗun, in ɗora kafireta ɗaya ta mota, wato Solex 34 PICT-3 irin ta Volkswagen Beetle. Na ga wasu sun haɗa nasu manifol ɗin da bututun PVC na aikin famfo, wasu kuma sun yi na ƙarfe. Ba gudun tsere nake nema ba. Abin da nake so shi ne babur na doguwar tafiya, mai ɗaukar mutum biyu da kayansu, wanda idan ya yi gardama a bakin hanya zan iya gyara shi da sukurudireba da sifana biyu. Shin wannan kafireta za ta ishe shi, da me ya kamata in ƙera manifol ɗin, kuma me zan rasa idan na yi hakan?

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a yi maganar kafireta, ina so ka tabbatar mini cewa laifin duka nata ne, domin a wannan injin sau da yawa ana ɗora wa kafireta laifin da ba nata ba. GL1000 kwantak yake amfani da shi wajen ba fulogi wuta, har guda biyu, kowanne yana kula da silinda biyu, kuma idan tazarar bakinsu ko taimin ɗinsu ya kauce, zai yi maka daidai wannan misin ɗin da ka bayyana. Ka auna tazarar bawul inji na sanyi, milimita 0.10 ce, ka auna matsin kowane silinda ka ga ko sun yi kusa da juna, ka duba kwayil da wayoyin fulogi. Ka kuma canza bel ɗin taimin guda biyu idan ba ka san shekarunsu ba, saboda idan ɗaya ya tsinke inji na tafiya, fistin zai daki bawul, daga nan maganar kafireta ta ƙare. Duk wanda ya ɗora kafireta ɗaya a kan injin da wutarsa ba ta daidaita ba, zai yi ta canza jet, wato ƙananan bakunan da ke auna fetur a cikin kafireta, har ya gaji, ciwon kuwa yana nan inda yake.

Ra'ayina kuma ba zan ɓoye maka ba: kafireta huɗu da aka wanke da kyau, aka canza musu duk robobin ciki, aka saita su suna zuƙa daidai da juna, babu wani haɗin gida da zai kamo su, ko a ƙarfi ko a tattalin mai. Kowace tana zaune kusa da silindanta, tafiyar da fetur zai yi gajera ce, kuma a cikinta akwai ƙaramin fistin da iska ke ɗagawa gwargwadon buƙatar inji, shi ya sa ko ka murɗa totur da ƙarfi ba ya shaƙewa. Wahalarsu ita ce ƙananan ramukan silo da ke toshewa da ɗan datti kaɗan, da hanyoyin mai da suka bi ta cikin akwatin tsakiya da kafiretocin huɗu ke ɗaure a jikinsa, waɗanda sai an raba akwatin biyu ake kai wa ga robobinsu. Mutane da yawa suna wanke rabi su bar rabi, sannan su ce kafiretar ba ta gyaruwa. Amma na ji maganar gindin fulot da ya karye, kuma wannan kam babbar matsala ce, domin gam ba ya daɗewa a cikin fetur.

Injiniya:

Gaskiyar Baba ce a kan wuta da bawul, ba ni da abin da zan ƙara a nan. Bari in ɗauki tambayar girma, domin lissafinta ba shi da wuya. Inji mai bugu huɗu yana zuƙar rabin girmansa a kowane juyi. GL1000 cc 999 ne, kuma yana ba da iyakar ƙarfinsa, wajen doki 80, a juyi 7,500 cikin minti ɗaya, wato idan silinda suna cika taf zai nemi iska kusan lita 3,750 a minti. Injin Beetle da aka yi wa 34 PICT-3 cc 1,584 ne, amma ƙarfinsa, wajen doki 50, yana zuwa ne a juyi 4,000, inda yake zuƙar kusan lita 3,170. Ka ga ke nan ƙaramin injin babur ya fi babban injin motar buƙatar iska idan an kai shi ƙarshe, saboda saurin juyawarsa. A tafiyar yau da kullum kuwa, a ce juyi 4,000, babur ɗin lita 2,000 kawai yake nema, wadda Solex za ta bayar ba tare da wahala ba.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya kamata a kawar. Wasu suna zaton tunda an cire kafireta huɗu, wadda za ta maye gurbinsu sai ta ninka kowace sau huɗu. Ba haka ba ne, domin silinda huɗun ba tare suke zuƙa ba, bi da bi suke yi, kowane rabin juyi ɗaya yana karɓa. Saboda haka kafireta ɗaya kusan silinda ɗaya take ciyarwa a kowane lokaci, sai dai ba ta hutawa. Inda Solex ta gaza shi ne maƙogwaronta na ciki, wanda milimita 26 ne kawai, faɗin filinsa bai wuce kashi biyu cikin uku na bakin Keihin mai milimita 32 ba. Amsar tambayarka, Malam, ita ce za ta ishe ka a ƙasa da tsakiya, kuma za ka ji babur ɗin ya daina ja tun kafin allura ta kusanci jan layi na 8,500. Wanda bai yarda da wannan rashi ba yakan koma ga Weber 32/36, mai maƙogwaro biyu, inda na farko ke aiki shi kaɗai a tafiyar sannu, na biyu kuma ya buɗe idan an murɗa totur sosai. Ta fi dacewa da injin da ke da faɗin zango irin wannan, amma ta fi girma, ta fi yawan jet, kuma saitinta ya fi cin lokaci.

Mai Tsohon Babur:

Na gode, Baba, na gode Malam Injiniya. Zan bi duk gwaje-gwajen da Baba ya lissafa kafin in sayi komai. Rashin ƙarfi a saman juyi bai dame ni ba, domin ba na zuwa can. Abin da ya rage mini shi ne batun manifol, musamman wannan na PVC da ake cewa ana haɗa shi cikin yini ɗaya.

Mai Walda:

Ɗan'uwa, ina roƙonka ka bar maganar PVC gaba ɗaya, ko da don gwaji ne. Bututun PVC na famfo ba a yi shi don ya wuce zafin digiri 60 ba, injin nan kuwa ruwansa yana haura digiri 80 a aikinsa na kullum, kuma manifol ɗin a kan bayansa zai zauna, iskar lagireto mai zafi tana busa shi. Yana iya yin lafiya muddin ana tafiya, saboda fetur yana sanyaya shi daga ciki, amma da zarar ka kashe inji zafin ƙarfe ya taso, sai ya yi laushi ƙarƙashin nauyin kafireta. Gam ɗin da ake haɗa shi da shi ma ba na zama cikin fetur ba ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bakfaya, wato wuta ta dawo baya ta hanyar shigar iska. A tsarin asali iska ce zalla a cikin akwatin tsakiya, a wannan tsari kuwa manifol ɗin cike yake da haɗin fetur da iska, wanda ke jiran tartsatsi kawai, kuma yana tsakanin gwiwoyin mahayi.

Ka yi shi da alminiyam idan kana da mai iya waldarsa, domin ya fi saurin watsa zafi, idan babu kuma baƙin ƙarfe mai ɗan kauri ya wadatar. Kada ka yi walda a kan bututu mai rufin tutiya, hayaƙinsa yana kwantar da mutum. Shawarata ita ce ka bar gwiwoyin asali guda huɗu, wato lanƙwasassun bututan shiga da ke ɗaure a kan silinda, yadda suke, ka sa musu sabbin robobin zobe, ka ƙera akwatin rabo a tsakiya da hannuwa huɗu da za su shiga bakinsu, sannan ka haɗa da gajerun tiyo masu jure fetur, ba tiyon lagireto ba, wanda ke kumbura ya yi laushi idan fetur ya jiƙa shi. Wannan ɗan tiyon yana da amfani biyu: yana shanye girgiza, kuma yana ba ƙarfe damar miƙewa idan ya yi zafi ba tare da walda ta tsage ba. Faɗin cikin hannuwan ya yi daidai da na gwiwoyin, kada ka ƙara da tunanin iska za ta fi wucewa, kuma tsawonsu ya zama ɗaya gwargwadon iko, duk da cewa silinda na dama da na hagu ba daidai suke fuskantar juna ba.

Kafin ka ɗora shi, ka toshe duk bakunansa, ka hura masa iska kaɗan, ka shafa ruwan sabulu a kan kowane layin walda. Ramin da ido ba zai gani ba za ka gan shi yana fitar da ƙananan kumfa a jere, ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan ramin shi ne ke hana silo zama, mutum ya yi ta juya sukuru a banza. Fuskar da kafireta za ta zauna a kai kuma ta zama mai kauri, ka goge ta a kan takardar yashi da aka shimfiɗa bisa gilashi har ta miƙe sarai, domin zafin walda yana lanƙwasa ta.

Matafiyi:

Ni na yi wannan aiki a kan GL1100, mai cc 1,085, kuma da shi nake tafiye-tafiyena har yanzu, saboda haka bari in faɗi abin da na gani da idona. Duk abin da aka faɗa a sama daidai ne, amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Babbar matsalar kafireta ɗaya a kan wannan inji ita ce sanyi. Na fara kunna nawa ba tare da na haɗa masa ɗumi ba don in ga halinsa. Inji ya yi zafi har fanka ta tashi, amma da na sa hannu a ƙasan akwatin rabo sai na ji shi sanyi ƙalau, raɓa ta kwanta a jikinsa tana ɗiga a kan inji. Dalili shi ne fetur yana ɗebe zafi daga duk abin da ya taɓa yayin da yake zama tururi, kuma yanzu duk fetur ɗin silinda huɗu a wuri ɗaya yake yin wannan aiki. Idan bangon manifol ya yi sanyi, fetur ba ya tafiya cikin iska, sai ya kwanta a ƙasa ya zama ruwa. Kana tsaye a silo yana taruwa, kana murɗa totur sai inji ya yi shiru na ɗan lokaci kamar zai mutu, sannan taruwar ta kwarara gaba ɗaya ya yi baƙin hayaƙi ya zabura. Mai babur yakan zaci jet ne ya yi ƙanƙanta, ya ƙara girmansa, shan mai ya ƙaru, fulogi su yi baƙi, wani fetur ɗin ma ya gangara ta gefen ringi ya tsinka man inji. A ranar da iska ke da laima kuwa, ƙanƙara ce ke taruwa a bakin faifan totur ta kashe inji, kuma ba sai ana tsananin sanyi hakan ke faruwa ba.

Masu Volkswagen sun san da wannan tun asali, shi ya sa manifol ɗin Beetle yake da siririn bututu manne a ƙasansa wanda hayaƙin salansa ke bi yana ɗumama shi. Duk wanda ya ɗauko kafiretar Beetle ya bar wannan dabara, rabin tsarin kawai ya ɗauko. Mu da injinmu ke da ruwa, aikin ya fi sauƙi. Na sa an yi wa ƙasan akwatin rabo ɗaki na biyu, ruwan zafi yana shiga daga bututan da ke saman inji, waɗanda ke kwaso ruwa daga kawunan silinda, yana fita ya koma ɓangaren da famfon ruwa ke zuƙa. Dole mashiga da mafita su kasance a wurare masu bambancin matsi, in ba haka ba ruwan zai tsaya cik bai zagaya ba. Daga ranar da aka haɗa wannan, shirun nan ya ɓace, har na rage jet ɗin da ke ciki.

Abin da na samu shi ne babur mai tashi da bugu ɗaya ko ya yi makonni a ajiye, mai silo a natse, wanda zan iya cire kafiretarsa in wanke in mayar kafin inji ya huce. Abin da na rasa shi ne zafin nama wajen wuce babbar mota a kan hawa idan ina ɗauke da mutum da kaya, sai na sauke giya na yi haƙuri, kuma yana shan mai fiye da yadda yake sha a da, ko da yake ba da yawa ba.

Tsohon Makanike:

Malam Matafiyi, ka yi adalci da ka faɗi abin da ka rasa, domin yawancin masu wannan aiki ribar kawai suke faɗa. Ni ma zan yi maka adalci: ba na cewa dole kowane silinda ya sami kafiretarsa. Honda da kanta, da ta fito da GL1500 a 1988, silinda shida ta ciyar da kafireta biyu kacal, kuma ta bi da ruwan inji don ɗumama hanyar shigar, wato dai abin da ka bayyana. Bambancin shi ne su sun zana injin ne tun farko a kan haka, ku kuwa kuna ɗora tsarin a kan injin da aka yi wa kamshaf mai son juyi da yawa, musamman GL1000 na 1975 zuwa 1977, wanda ba ya zuƙa da ƙarfi a ƙasa. Naka GL1100 ya fi na wannan yaro sauƙin hali, saboda haka kada ya ɗauka sakamakonsa zai zama irin naka daidai. Sannan babur na tafiya yana hawa tsaunuka yana sauka, kuma kafireta mai fistin da iska ke ɗagawa tana rage wa mutum wani ɓangare na matsalar ƙarancin iska a bisa, mai tsayayyen maƙogwaro kuwa sai dai ta yi ta ba da mai fiye da kima. Wannan rashin ƙarfi wajen wuce mota da ka ambata, ni a wurina ba ƙaramin abu ba ne, domin daƙiƙun da mutum ke yi a hannun da ba nasa ba su ne mafi haɗari a duk tafiyar.

Injiniya:

Akwai abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma shi ne ke raba manifol mai kyau da wanda ke cin inji a hankali, wato daidaiton rabo. Silinda 1 da 3 suna dama, 2 da 4 suna hagu, kuma jerin tashin wutarsu 1, 3, 2, 4 ne. Ma'ana dama tana zuƙa sau biyu a jere, sannan hagu ta zuƙa sau biyu a jere. Idan aka yi manifol mai bututu ɗaya zuwa kowane gefe wanda ya rabu biyu a ƙarshe, haɗin da ke cikinsa yana tsayawa na tsawon juyi guda sannan ya tashi, don haka abin da silinda na farko ke samu ba irin na biyu ba ne. Iska tana juya kwana cikin sauƙi, ɗigon fetur kuwa ya fi ta nauyi, yana son wucewa kai tsaye. Shi ya sa na fi son ƙaramin akwati mai mafita huɗu daban-daban, kamar yadda Malam Mai Walda ya ce, kuma ina jaddada ƙarami, domin babban akwati yana rage saurin iska, yana raunana zuƙar da kafireta ke ji, yana ƙara wancan shirun. Ɗan tsayi tsakanin gindin kafireta da ƙasan akwatin yana taimakawa, saboda faifan totur a rabin buɗewa yana karkata haɗin zuwa gefe guda, sai dai wurin da ke ƙarƙashin tankin ƙarya, wato murfin da ke gaban sirdi mai siffar tanki amma ba mai a ciki, ƙanƙane ne, kuma matatar iska ma tana buƙatar nata rabon.

Hatsarin shi ne matsakaicin haɗin yana iya zama daidai alhali silinda ɗaya yana fama da ƙarancin mai. Lissafin ƙonewa cikakke shi ne iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1 a nauyi, a cikakken totur kuma ana son wajen 12.5 zuwa 13. Silindan da ya rasa mai a doguwar tafiya cikin sauri yana ɗaukar zafi har ya ƙone bawul. Don haka a sa sabbin fulogi, a yi tafiya mai ɗan nisa a kan gudu ɗaya, a kashe inji ba tare da an bar shi a silo ba, a cire huɗun a jera su bisa lambarsu. Idan uku sun yi ruwan ƙasa ɗaya ya yi fari fat, gyaran na manifol ne, ba na jet ba. Wanda ya sami na'urar auna haɗi ta salansa, a gwada kowane gefe daban.

Sabon Mahayi:

Ina neman afuwa, ni mai koyo ne. Kafiretar mota an yi ta ne don ta zauna a miƙe, babur kuwa yana kwanciya a kwana. Shin man da ke cikin kwanon fulot ba zai karkata ya malala ko ya yanke ba?

Injiniya:

Tambaya ce mai kyau, ƙanena. A kwana babu matsala, domin babur yana kwanciya ne daidai gwargwadon ƙarfin da ke tura shi waje, saboda haka man da ke cikin kwano yana zama a miƙe da jikin babur kamar ba a kwanta ba. Inda yake karkata shi ne wajen taka birki da ƙarfi, da fizga, da kuma lokacin da aka jingine babur a ƙafar gefe. A wannan hali na ƙarshe duk fetur ɗin da ya kwanta a cikin manifol hagu zai gangara, kuma idan allurar fulot tana yoyo zai iya cika silindan da bawul ɗinsa ke buɗe. Ruwa ba ya matsuwa, don haka bugun sitata ɗaya yana iya lanƙwasa kwanrod. A riƙa rufe makunnin mai duk lokacin da aka ajiye babur.

Matafiyi:

Baba, na karɓi maganarka a kan bambancin injin nawa da nasa, sai dai a batun tsaunuka abin da na gani shi ne raguwar ƙarfi da ɗan warin mai, bai taɓa tsayar da ni ba. Bari in ƙara wasu ƙananan abubuwa da ke da nauyi. Gold Wing yana da wayar totur biyu, ɗaya tana buɗewa ɗaya tana rufewa, kafiretar mota kuwa sifirin kaɗai ke mayar da ita. A sa sifirin biyu, a juya kan babur iyakarsa dama da hagu inji na silo a tabbatar juyi bai ƙaru ba, a kuma daidaita tsawon hannun da waya ke ja don kada ɗan motsin wuyan hannu ya buɗe totur da yawa. Tankin gaskiya yana ƙarƙashin sirdi, famfo ne ke ɗago mai, kuma na asali da kamshaf ke juyawa yakan wadatar. Idan aka sa na lantarki a auna shi, kada matsinsa ya wuce wajen psi 3, in ba haka ba zai rinjayi allurar fulot. Cok ɗin Solex da bawul ɗinta na yanke man silo duka lantarki suke so, a haɗa su da wayar da ke samun wuta sai an kunna makulli. Kada a hau ba matatar iska, domin ita ce ke tare harshen wuta idan an yi bakfaya, kuma a mayar da tiyon numfashin inji cikinta. Masu GL1100 kuma su tuna da siririn tiyon zuƙa da ke gyara taimin, sai an nema masa wurin da ya dace a jikin sabuwar kafireta. GL1000 ba shi da wannan.

Mai Tsohon Babur:

Na dawo da sakamako kamar yadda Baba ya umarta. Matsin silinda huɗun ya yi kusa da juna. Bawul biyu sun matse, na saita su, kwantak ɗin da ke kula da silinda mai misin kuma bakinsa ya ci, na canza duka biyun na saita taimin, na sa sabbin bel. Misin ɗin ya ragu ƙwarai, amma silo har yanzu yana hawa yana sauka, kuma obafulo ɗin yana nan, domin da na buɗe kwanon na tarar gam ɗin ya yi laushi, fulot yana rawa a wurinsa. Saboda haka zan ci gaba da aikin, da Solex, da manifol na alminiyam mai mafita huɗu da ɗakin ruwan zafi a ƙasa tun daga farko. Ba zan yanke ko in huda komai a jikin firam ko gwiwoyin asali ba, kafiretocin huɗu kuma zan zubar da mansu in adana su, ko Allah zai sa in sami gangar jikin da za ta maye wadda ta karye. Malam Mai Walda, ta ina zan fara awo?

Mai Walda:

Ka fara da cire kafiretocin ka bar gwiwoyin huɗu a ɗaure, fanka da lagireto suna wurinsu, tankin ƙarya ma a rufe, domin tsayin da ke tsakanin bayan inji da murfinsa shi ne zai yanke maka hukuncin komai. Ka yi samfurin akwatin da kwali mai kauri, ka ɗora kafiretar da matatarta a kai, ka duba ko hannun totur yana kaiwa ƙarshe bai taɓa firam ba, ko sukurorin saiti biyu suna inda sukurudireba zai kai gare su inji na aiki, ko kuma za a iya zare babban jet ba tare da an sauke komai ba. Idan za a yi walda, a ɗiga hannuwan kawai suna kan inji, batir a cire, mai a nesa, sannan a sauke a kammala a kan tebur. Ka sa a yi wa akwatin ƙafa da za a ɗaure a jikin inji, kada nauyin kafireta ya rataya a kan tiyo, kuma ka bar ƙaramin rami mai sukuru a gefensa don agogon auna zuƙa.

Tsohon Makanike:

To, ɗana, tunda ka gyara wuta kuma ba za ka yanke komai ba, ba ni da sauran ja, Allah ya ba da sa'a. Idan ya tashi, kada ka taɓa jet sai ruwan zafi ya ɗumama akwatin har ka ji shi da hannunka, kuma ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya kana rubutawa, ka fara da silo, sannan famfon fesa mai na totur, babban jet a ƙarshe. A makonnin farko ka riƙa sunsuna man inji kana duba ko ya ƙaru a ma'auni, idan ka ji warin fetur ka zubar da shi nan take. Kafin ka ɗauki kowa a baya ko ka yi nisa, ka turo mana hoton fulogin nan huɗu a jere, da lambar kowane silinda a ƙarƙashinsa.